Dafin Kububuwa da Gashin Bakin Kyanwa

Tun da na dawo daga Barazil ban huta ba. A foyandinmu, taron matan unguwa, a gidan suna, har a bakin famfo, tambayar ɗaya ce: Zalika, yaya can ɗin? Na ba Hajiya Barira labarin, ta kai shi kasuwar Dogon Dutsi, ya dawo mini da ƙafafu da wutsiya, wai an kama ni da ƙwaya a filin jirgi. To ga shi nan daga bakina, kowa ta karanta ta bar ni in sha iska.

Sai na fara da abin da ya kai ni, don har yanzu wasunku sun ɗauka sarin gashi na tafi. Kun san kububuwa, kun san abin da take yi wa mutanenmu a gonakin gero. A cikin dafinta akwai wani furotin da ke tsinka hanyoyin jini, shi ya sa wanda ta sara yake zubar da jini har ta dasashi. A labo ɗinmu, ɗakin bincike na jami'a a Yamai, inda nake karatun dakta, mun yi ta yi wa wani raƙumi allurar dafin kaɗan-kaɗan har jikinsa ya ƙera garkuwa. Daga jininsa muka samo wani ɗan ƙaramin furotin da ke cafke na dafin ya hana shi ɓarna. Mun san yana cafkewa, amma ba mu san ta ina ba, kuma in ba a san wannan ba gyara shi ya zama magani sai lalube. Hanyar ganin ita ce a sa su biyun su daskare tare su zama ƴar ƙwaya mai kusurwoyi irin ta sukari, wadda ake kira kiristal, sannan a harba mata haske irin na hoton ƙashi amma mai tsananin ƙarfi. Kamar ƴan kokawa ne kake son ɗaukar hotonsu daidai lokacin da suka sarƙe.

Na raƙumin ba shi da wuya, muna iya sa ƙwayoyin bakteriya su yi mana shi da yawa. Na dafin ne tashin hankali. Baba Gado, gardin nan na Kore Mairuwa, damina biyu ya yi yana kama mana macizai ana tatsa. Bayan tacewa, abin da ya rage ɗan busasshen farin gari ne a gindin wata ƴar kwalba da ba ta kai ɗan yatsana ba. In ya ƙare ban samu kiristal ba, karatuna ya tsaya cak sai an sake wasu daminu, kuma gayyatar da Farfesa Marta ta yi mini zuwa labo ɗinta a Barazil ba irin wadda ake yi sau biyu ba ce.

Na bar ɗiyata Nafisa wurin Inna, na hau kar, babbar motar fasinja ta Yamai, da sassafe. Bayan Doso taya ta fashe, muka zauna gindin bishiya muna cin kopto, kwaɗon zogale, da wata mata ta sauko da shi daga ka, duk muka zama ƴan uwa kafin a gama ɗaure taya. A Yamai na karɓi kwalbar da takardun izininta, na naɗe ta a hankici na cusa a lalitar da Inna ta ɗinka mini. Baban Nafisa, mai gidana, ya rako ni har filin jirgi, ya sayo mini kilishi mai yawa, wai kar in je in rame a ƙasar mutane.

A Adis Ababa muka sauya jirgi. Can na gamu da wata Hajiya ƴar Maraɗi da za ta ƙasar Cana sarin kaya, ta riƙe ni kamar ƙanwarta, ta nuna mini wurin alwala, ta ba ni mayafi don sanyin garin ba na wasa ba ne. Da ta ji inda za ni sai idonta ya kawo haske, ta ce lalle in duba mata farashin gashin Barazil daga tushe. Na ce dafin maciji ne ya kai ni. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce Allah ya shirya ƴan boko.

Yanzu ga maganar da Hajiya Barira ta ɓata. A filin jirgin Sawo Pawlo ina tsaye a layin duwan, masu binciken kaya, sai ga wani kare, ƙato, yana bin jakunkuna da shinshina. Ya wuce kowa ya zo ya zauna gaban tawa. Ga ni baƙuwa, ga farin gari a lalita, ga harshe ban iya ba. Aka kai ni wani ɗaki, na zaro kwalbar da takarduna. Jami'ar ta karanta, ta buga waya, ta miƙo mini kayana da murmushi. Sannan ta buɗe jakar ta zaro kilishin Baban Nafisa gaba ɗaya. Ashe shi karen ke bi, nama ba ya shiga ƙasarsu a jaka. Dafin kububuwa ya wuce lafiya lau, kilishi ne aka kama. Ina fita ina waiwayen karen, har yau ban yarda bai samu rabonsa ba.

Garin da labo ɗin yake, tafiyar mota ce daga can. Masaukina gidan wata tsohuwa ce, Dona Lurdis, mijinta ya rasu, daga ita sai wani jibgegen kyanwa mai suna Shiko. Ba ta jin Faransanci, ba na jin Fotigis, da hannu da ido muka yi zamanmu. Abincinsu bai ba ni wahala ba: shinkafa da wake kullum rana ta Allah, sai garin rogo da suke soyawa da mai su barbaɗa a kai. Na ce lalle waɗannan danginmu ne da suka ɓata. Matsala ɗaya, a cikin waken suke jefa naman alade. Ranar farko na leƙa tukunya na ga abin da ban gane ba, na nuna shi na yi gurnani irin na dabbar. Dona Lurdis ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Washegari ta sayo sabuwar tukunya ta ɗaura mata jan zare a hannu, ta nuna ni ta nuna tukunyar. Tun daga ranar na san na samu uwa.

Gaisuwarsu kuwa runguma ce da sumba a kumatu, mace da namiji ba ruwansu. Ranar da na shiga labo, Tiyago, wani mai furfura da ke kula da na'urori, ya buɗe hannuwa ya nufo ni. Na ja baya na dafe ƙirji na ɗan rusuna. Bai ji haushi ba, shi ma ya dafe nasa. Kafin a jima duk labo sun koma dafe ƙirji suna ce wa juna ina kwana, har da la'asar. Su kuma gaisuwata ce ta ɗaure musu kai. Kullum safe sai na tambayi Tiyago gajiya, aiki, yara, da mai ɗakinsa. Wata rana ya ja Farfesa Marta gefe ya tambaye ta ko na ji wani mugun labari ne game da matarsa da shi bai ji ba.

Aikin kansa ga yadda yake. Ana narka furotin biyun a ruwa, a haɗa su su kama juna. Sai a kawo wani faranti mai ƙananan ramuka casa'in da shida, kowane rami da irin nasa haɗin ruwa: wani gishiri ya yi yawa, wani tsami, wani kuma da wani ruwa mai yauƙi da ake kira PEG. Na'ura ta ɗiga ɗigon furotin kusa da kowane rami, ɗigon da ido da ƙyar yake gani, a rufe a ajiye a ɗaki mai sanyi. Ruwan ɗigon yana janyewa sannu a hankali. A wani ramin ba abin da ke faruwa, a wani furotin ya tsinke kamar madarar da ta lalace, a wani kuma, in Allah ya so, ya jeru ya zama kiristal. Ba wanda zai iya gaya maka tun farko wane haɗi ne zai yi. Haɗe-haɗen da ke kan kantarsu sun fi ƙarfin ƙirga, ni kuwa dafina faranti kaɗan zai cika.

Muka fara da haɗin gama-gari, wanda ake fara gwada wa kowane furotin. Ba a daɗe ba, wata safiya na leƙa madubin ƙara girma na ga wani abu yana walƙiya, mai kusurwoyi tsaf, kyakkyawa kamar a sa a zobe. Farfesa Marta ba ta nan. Ban jira kowa ba na fita baranda na kira gida. Kun san Inna. Kafin azahar ta kafa tanda ta soya masa, an raba wa unguwa sadaka, har Kore Mairuwa aka aika wa Baba Gado tasa.

Washegari Farfesa ta zo ta leƙa. Ta ɗauko siririyar allura ta taɓa shi, ya fashe ƙaras. Kiristal na furotin laushi gare shi, in an ɗiga masa shuɗi yana sha. Wannan bai sha ba. Gishiri ne. Ruwan da muka narka dafin a ciki tun Yamai yana da sinadarin fosfat, ya haɗu da sinadarin kalsiyam na ramin suka yi nasu auren. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ita kuwa ta kama hannuna ta kai ni bayan ƙofa, ta nuna mini bango cike da hotunan kiristal masu kyau, kowane da sunan mutum a ƙasa. Duk gishiri ne, duk waɗanda suka taɓa aiki a labon ne, kuma na can sama nata ne tun tana ɗaliba. Aka liƙa nawa, aka tafa mini, aka kawo kofi. Da na gaya wa Inna sai ta ce masa dai yara sun cinye ba ta dawowa, in koma in yi aikina.

Muka sauya ruwan narkin muka sake. Wannan karon na kulle bakina. Kiristal suka fito a wani rami mai gishiri da yawa, suka sha shuɗi, furotin ne na gaske. Amma da Tiyago ya narka kaɗan ya gwada, sai ya zo ya tsaya kaina yana sosa ƙeya. Na raƙumin ne shi kaɗai. Gishirin ya yi ƙarfi har ya raba su, ɗaya ya jeru ya bar ɗaya a ruwa. Ranar ban iya cin waken Dona Lurdis ba. Na ɗaga kwalbar a haske, abin da ya rage bai fi na gwaji ɗaya ba, shi ma ba cikakke ba.

Nan ra'ayi ya rabu. Tiyago ya ce a ɗauko wani sabon haɗin gama-gari a watsa ko'ina, ko za a dace. Ni kuwa na koma kan tsofaffin farantan, rami bayan rami, na daina neman mai kyau, na koma neman inda su biyun ba su rabu ba. Duk inda gishiri ya yi yawa ko tsami ya yi ƙarfi, ko sun rabu ko sun tsinke. Amma akwai ƴan ramuka masu PEG matsakaici, gishiri ɗan kaɗan, tsaminsu kusa da na jinin mutum, inda na ga wani ɗan tsaki-tsaki a gindin ɗigo, bai zama kiristal ba, bai kuma lalace ba. Na ce a zuba duk abin da ya rage a wannan ƴar unguwar ta ramukan, a riƙa ƙara PEG kaɗan-kaɗan daga rami zuwa rami. Tiyago ya ce in na yi kuskure ba sauran abin gyarawa. Gaskiya ya faɗa. Muka dubi Farfesa Marta.

"Dafinki ne, ke kika san wahalarsa," in ji ta. "Ke za ki zaɓa."

Na ce unguwar nan dai. Ta gyaɗa kai ta ƙara abu biyu. Na farko, da hannu za a yi, don na'ura tana shanye kaɗan a bututunta, mu kuwa ba mu da abin ba ta. Na biyu, za a sa iri. Za mu farfasa kiristal ɗin nan na raƙumi shi kaɗai su zama ƙura, a ja ƙurar cikin sababbin ɗigon, ko su biyun za su samu abin da za su jeru a kai. Na tambaya da me ake jan ƙurar. Ta ce da gashin bakin kyanwa. Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ashe haka masu wannan aikin suke yi tun da daɗewa, gashin yana da ƴan ƙananan kaushi da ke riƙe irin. Na labo ya tsufa ya lanƙwashe, kuma ta ji ina da kyanwa a gida. Sharaɗi ɗaya, ba a tsigewa, sai wanda ya faɗi da kansa.

Ku zo ku ga ni da Dona Lurdis a durƙushe muna laluben kujerun falo, Shiko yana kan tebur yana kallonmu kamar mun haukace. Da na nuna mata abin da nake nema ba ta yi mamaki ko kaɗan ba. Ta lumshe ido ta gyaɗa kai irin na na-gane. Ƙanwarta tana cikin masu fararen kaya, waɗanda na taɓa gani suna rawa da ganguna har wata ta faɗi aka lulluɓe ta, abin da duk wanda ya taɓa zuwa Lugu, garin ƴan bori, zai gane ba sai an yi masa fassara ba. Na buga a wayata na nuna mata cewa aikin kimiyya ne. Ta karanta ta ƙifta mini ido. Da muka samu gashin, dogo fari a ƙarƙashin matashi, ta naɗe mini shi a takarda, ta ƙara mini da kyandir.

Na ba Baban Nafisa labari a waya. Kun san shi da wa'azi a kan irin waɗannan abubuwa.

"Zalika," ya ce, "karatun dakta kika tafi ko Lugu?"

Da safe na yi bisimilla na ɗiga su ɗaya bayan ɗaya, na tsoma gashin Shiko a ƙurar na ja layi a cikin kowane ɗigo. Da na gama na ɗaga kwalbar Baba Gado, ba komai ciki. Na wanke ta na sa a lalita, don na kasa jefarwa.

Sai jira. Kullum in leƙa, kullum ruwa garau. Biza tana ƙarewa, Dona Lurdis ta fara haɗa mini tsaraba. Tiyago, Allah ya saka masa, ko sau ɗaya bai ce na gaya miki ba, kofi kawai yake ajiye mini kusa da madubi. Ana saura ƴan kwanaki in taso, na leƙa wani rami na tsakiya na ga wasu ƴan sirara kamar ƙaya, munana, a jere kan layin da gashin ya bi, sai ka ce shuka ta tsiro. Sun sha shuɗi. Amma na raƙumin shi kaɗai ma ya sha shuɗi, kuma waɗannan sun yi ƙanƙanta da a narka a gwada. Babbar na'urar hasken ce kaɗai za ta faɗa, ita kuwa layi ake bi, namu ya faɗo bayan tafiyata. Farfesa Marta ta kwashe su da ɗan zobe ta daskarar, ta ce in tafi, za ta aiko mini ko mene ne.

Haka na baro Barazil ban san ko na ci ko na faɗi ba. A bakin ƙofa ni na fara rungume Dona Lurdis, muka yi kuka, kowa na magana da harshenta. Gashin sari kuwa, ku yi haƙuri, na tambaya, su ma daga waje ake kawo musu mai yawa.

Na yi ƴan kwanaki a Yamai ina ba malamaina rahoto, kowa na tambaya ina cewa sai dai addu'a. Sannan na hau kar ta gida. Kusa da ni wani tsoho ne ɗan Kiyeshe, ya dawo daga ganin ɗansa, tun Yamai hannunsa na dama yana cikin aljihun riga. Mun wuce Doso, rana ta take, kowa na gyangyaɗi, sai wayata ta yi motsi. Farfesa Marta ce. Hoto ne, wasu zare-zare masu murɗewa, ɗaya ja, ɗaya kore, koren ya cusa kai daidai cikin bakin jan. A ƙasa ta rubuta cewa su biyun ne, kuma na raƙumin ya toshe ainihin wurin da dafin ke yanka da shi.

Ban san sanda na rangaɗa guɗa ba. Direba ya taka birki, mata suka farka suna salati, wani ya ce haihuwa aka yi. Ina dariya ina hawaye na ce a yi haƙuri a ci gaba da tafiya, alheri ne. Tsohon nan ya jira har mota ta daidaita, sannan ya ce, ɗiyata, mi ya faru? Na yi masa bayani yadda zan iya, da kububuwa da raƙumi da duka. Na gaya masa gaskiya cewa ba magani ba ne tukuna, da sauran aiki mai tsawo, yau dai mun ga inda ake kama shi. Ya ce in ba shi ya gani. Ya karɓi wayar da hagu ya kai ta kusa da ido ya daɗe yana dubawa.

"Wanne na macijin?"

Na nuna masa jan. Sai ya zaro hannun daman daga aljihu. Yatsu uku ne a jiki, fatar wurin sauran ta tattare ta yi baƙi. Ya ce a gonarsa kububuwa ta sare shi, yana ɗaurin gero, shekarar da ya yi aure. Ya ɗora guntun yatsan a kan jan zaren ya danna a hankali.

"To," ya ce, "kai ma yau an riƙe ka."